Kitsen Auta Ya Bar Wurinsa

Ni nake ɗinka wa Auta kaya tun yana ɗan firamare, saboda haka ni na fara lura jikinsa yana canja fasali. Hannun riga ya koma yana yi masa yawo, wuyan riga kuma ya ƙi rufuwa, don wani tudun kitse ya fito masa a ƙasan ƙeya. Ciki ya turo gaba, kumatu suka lotsa. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma ranar da na zagaya masa tef a ciki sai da na sake aunawa.

Na raka shi asibiti. Likitar ta ce kitse ba maiƙo ba ne kawai kwance a ƙarƙashin fata, yana sakin wasu sinadarai cikin jini masu gaya wa jiki ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, da yadda zai yi da abin da aka ci. Cutar ƙanjamau da Auta ya ɗauka a bakin allura lokacin da yake shaye-shaye, ita da maganin da yake sha, sun hargitsa wannan aikin. Ta ce za a duba yiwuwar canja masa magani, amma kada ya kuskura ya yi fashin sha.

Daga ni sai shi muka san da cutar, kuma ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Dangi shaye-shayen kawai suka sani, ba su kuma taɓa yarda ya daina ba. Don gudun idonsu yake ɓare takardar da ke jikin robar maganin.

Goggonmu, wadda ba ta iya shiga ɗakin mutum ta bar masa durowa a rufe, ita ta tsinci robar. Kafin in dawo daga shago ta kira Kawu. Na tarar da Auta tsaye a tsakiyar falo ba riga, Kawu riƙe da damtsensa yana jujjuya shi.

"Dubi hannu duk jijiya," in ji Kawu. "Dubi fuska. Wa za ka gaya wa ka daina?"

"Wallahi Kawu na daina."

"Wannan tumbin fa?" Goggo ta dangwale shi da yatsa. "Na giya ne. Ni za a yi wa wayo?"

Mutanen da ko sannu ba su yi masa ba lokacin da yake kwance yana karkarwa don ya rabu da allura, yau su ne suke latsa shi kamar masu zaɓen tumatir a kasuwa. Goggo har da yatsina fuska, amma ta ƙi daina taɓawa.

"Kawu, ku ba shi rigarsa," na ce. "Maganin asibiti ne."

"Ke ma rufa masa asiri kike yi. Wane maganin asibiti ne ba suna a jiki?" Ya dubi Goggo. "Je ki juye su a masai, kowa ya huta."

Ta buɗe murfin, ta nufi banɗaki. Auta ya kalle ni. Rantsuwa ta riƙe mini harshe.

"Goggo, ki tsaya," in ji Auta. "Maganin ƙanjamau ne. Cutar ce ta mayar da jikina haka, ba ƙwaya ba. In kika zubar, ni kika zubar."

Goggo ba ta miƙa masa robar ba. Sunkuyawa ta yi ta ajiye a ƙasa, ta tura masa da bakin takalmi. Robar ta kife, Auta ya durƙusa yana tsince maganinsa ɗaya bayan ɗaya daga kan siminti.

Kawu ya daɗe yana kallon tafin hannun da ya riƙe Auta da shi. Na zaci kunya ce ta kama shi, na zaci haƙuri zai ba ɗan 'yar'uwarsa. Sai ya juyo gare ni, hannun a ɗage nesa da rigarsa.

"Ke, ina kuke ajiye sabulu?"