Taurari a Kan Sarƙar Lefe

Duk Gagarawa an san Gwaggo Yelwa ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Shi ya sa da aka kawo lefen Muhsina, 'yar ƙanenta, daga Sule Tankarkar, ɗakinta aka shigar da akwatunan, ita ke buɗe wa masu zuwa gani. Lefe ne na rufin asiri: atamfofi, takalma, da sarƙa guda mai ruwan gwal. Muhsina ta kira Dogo mai hoto daga Gumel ya ɗauki kayan, hotunan suka bazu a wayoyin dangi.

Wata safiya sai ga Rakiyya, ƙanwar uwar yarinyar, ta diro daga Maigatari. Ko ruwa ba ta sha ba, ta ce a fito da sarƙa. Ta juya ta a tafin hannu, ta taɓe baki, ta ɗaga wayarta a gaban matan da suka cika tsakar gida.

"Jama'a, ku duba mini. Ta hoto walƙiya take har da taurari, gwal ne tsantsa. Wannan kuwa ko akuya aka rataya wa sai ta yi fushi. Yaya Yelwa, ina ta ainihin?"

Yelwa ta ji jini ya hau mata ka. "Ni kike tambaya, Rakiyya? Da furfurata?"

"Ruwa dai ba ya tsami banza. A ɗakinki kayan suka kwana."

Matan duk suka zuba mata ido. Yelwa ta figi mayafi, ta tari motar haya zuwa Gumel, tana huci kamar kububuwa.

Ta sami Dogo a shagonsa yana goge kyamara. "Kai, ɗan nan! Wane tsafi ka yi wa sarƙar 'yata har aka maishe ni ɓarauniya?"

"Subhanallahi, Baba, ba tsafi ba ne." Ya zaro wani ɗan gilashi kamar murfin gwangwani, mai siraran zane a jiki. "Wannan ake ɗaura wa bakin kyamara. Duk abin da ya ɗan yi ƙyalli, sai ya fito kamar tauraro."

"Wa ya sa ka?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Amarya ce ta roƙe ni. Wai kada ƙawayenta su raina lefen."

Yelwa ta yi tsaye kamar an dasa ta. Ɗan kuka, mai jawo wa uwarsa jifa! In ta faɗi wannan a tsakar gida, kafin la'asar maganar ta kai Sule Tankarkar: amarya ta ji kunyar kayan mijinta tun ba a ɗaura ba. In kuwa ta yi shiru, sunan sata ya bi ta har kabari. Ta warce gilashin daga hannunsa.

"Baba, da shi nake aiki!"

"Ka zo Gagarawa ka karɓa, marar ta-ido."

Da ta dawo gida ta tarar matan ba su watse ba, don mai jiran tsegumi ba ya jin yunwa. Ta ɗauko tsohon cokalin miya, ta ajiye a rana, ta danƙa wa Rakiyya gilashin.

"Kara a idonki. Dubi cokalin nan."

Rakiyya ta duba, ta ja da baya. "Kai! Tauraro!"

"To ga gwal nan, ɗauki ki kai Maigatari ki sayar. Gani ya kori ji."

Gilashin ya zaga hannu-hannu, ana duba buta, ana duba kwano, ana shewa. Amma Rakiyya ba ta son faɗuwa ita kaɗai. "To wa ya ce mai hoto ya yi wannan ƙaryar?"

Muhsina na raɓe a bakin ƙofa. Yelwa ba ta ko dube ta ba.

"Ni ce. Na so dangi su ga an yi wa 'yata bajinta. Sai me?"

Dariya ta ɓarke. "Ashe tsohuwa ma na son ƙarya!" in ji wata. Yelwa ta shanye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da gida ya yi shiru, ta ja Muhsina ɗaki ta turo ƙyaure.

"Gwaggo, don Allah ki..."

"Rufe mini baki! Yaron nan da zai aure ki, gero da riɗi ya noma ya saya miki wannan, ke kuma kika je aron taurari. Kayan aro ba ya rufe katara. Yau na sayar da girmana na saya miki aurenki, ba kuma zan sake ba."

Ta jefa mata sarƙar a cinya.

"Ranar ɗaurin aure ita za ki sa, yadda Allah ya yi ta. In ya so a raina mu tare."