Nono Mai Rai

Mannir ya zazzage ledar a kan tebur, kwalayen magani suka zubo, wasu babu komai a ciki, wasu da ɗan saura. Kafso ne ja-da-rawaya, irin wanda kowane kemis a Gusau yake sayarwa. Sista Talatu, ungozomar ƙaramin asibitin unguwarsu, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi, ta ajiye.

"Wata nawa ke nan matarka tana shan wannan?"

"Bakwai. Duk Juma'a nake sayo mata. Ban taɓa fashi ba."

Ya faɗa ne yana jiran a ce ya kyauta. Sista Talatu ba ta ce ba.

Tun damina matarsa Zuwaira take fama da ƙaiƙayi da farin ruwa, ciwon da mace ba ta iya faɗa sai da kai a ƙasa. Ran da suka fara zuwa kemis, mai shagon bai ko rage murya ba. Ya ce ciwon sanyi ne, kuma ciwon sanyi ba daga sama yake faɗowa ba, ɗaya daga cikin ma'aurata ne yake kwaso shi a waje. Zuwaira tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Mannir ya san bai je ko'ina ba. Kabu-kabu yake yi da babur daga safe zuwa magariba, ya dawo gida. Bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Sai hira ta ragu, ta koma gaisuwa. Mako uku da suka wuce ta ce za ta je Bungudu ta duba Innarta, ta tafi har da akwatin zannuwanta.

"Zauna da kyau, Malam Mannir," in ji Sista Talatu. "Sau biyu na duba ta. Ba irin sanyin da mai kemis yake nufi ba ne. Wani abu ne mai kama da fumfuna, kuma kusan kowace mace tana da shi kaɗan a jikinta. In ya yi yawa ne yake damu. Ba sai an kwaso shi wurin kowa ba."

"Ba wurin kowa ba?"

"Ko budurwa tana yin sa. Na faɗa mata, amma ranar kuka take yi, ban ga alamar ta ji ba."

Mannir ya dubi hannuwansa.

"Abin da ban sani ba shi ne wannan," ta ce, tana tura kwalayen gefe. "A jikin mace akwai wasu 'yan ƙananan halittu masu tsaron wurin, su suke hana fumfunar yaɗuwa. Kafson nan ba ya tambaya. Yana shiga ya kashe masu tsaron, ya bar wa fumfunar fili. Maganin matsin da na ba ta kuwa, sau biyu, ciwon ya ƙi jin sa. Zan rubuta takarda ta je babban asibiti a yi gwaji, a canja magani. Amma kafso, daga yau ta daina."

"Wato ni ne nake..."

"Ba ka sani ba ne."

Sannan ta ce ta karanta a wata mujalla ta ma'aikatan jinya cewa masu bincike suna gwada wata dabara, ta mayar wa jiki da masu tsaronsa. Danginsu suna cikin kindirmo. Masu binciken ba su tabbatar ba tukuna, ita ma ba ta yi masa alkawari ba. Amma abinci ne, in ta riƙa sha kullum ba zai cuce ta ba. Ta ce kada ya sayi na tasha da ake sirkawa da ruwa. Ya je kasuwar Tsafe ya nemi Hauwa'u, wadda take zama gindin tsamiya.

"Me ake kiransu, halittun? Don in san abin da zan tambaya."

Sista Talatu ta nemi kalmar, ba ta samu wata ba.

"A makaranta duka ƙwayoyin cuta muke ce musu. Sai dai waɗannan masu amfani ne."

Washegari da hantsi yana Tsafe. Ya tarar da matan Fulani biyar a jere a inuwar tsamiya, kowace da ƙwaryarta a gaba. Aka nuna masa Hauwa'u, dattijuwa siririya mai manyan 'yan kunne. Ya kafe babur, ya durƙusa, ya gaishe ta har sau biyu.

"Inna, nono nake so. Mai ƙwayoyin cuta."

Hannunta ya tsaya a kan faifai.

"Mai mi?"

"Ƙwayoyin cuta. An ce naki ya fi na kowa."

Matar da ke kusa da ita ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Hauwa'u ba ta yi dariya ba.

"Shekara talatin ina zama wurin nan. Ko ciwon ciki ba a taɓa kawo mini ƙara ba. Wa ya aiko ka, ɗan Haɓe, ka zo ka ɓata mini kasuwa da safe?"

Mannir ya rasa inda zai kama. Ya ce Sista Talatu ce ta Gusau. Ya ce mai ɗakinsa ce ba lafiya, ciwon mata, an sha magani ya ƙi. Ya ce akwai wasu abubuwa a cikin nonon da ido ba ya gani, ba masu cuta ba ne, sunan ne kawai haka. Yana magana yana share gumi da hula.

Hauwa'u ta daɗe tana kallonsa.

"Talatu da karatunta. Cewa za ka yi mai rai." Ta janyo wata ƙaramar ƙwarya daga bayanta, ta ɗaga faifan. Kindirmon ya kama, fari tas, ko motsi ba ya yi. "Madarar muna dafa ta, ta huce, sannan mu zuba mata ludayi ɗaya na jiya. Shi ne iri. Nawa wurin uwata na samo shi. Wanga bai ga ruwa ba. Amma ka ji, in ya riga ya kama ba a mayar da shi wuta. Wuta ta taɓa shi ya mutu, tsami kawai za ku sha."

Ta naɗe ƙwaryar da tsohon zane, ta ɗaure masa a bayan babur da hannunta. Da zai tafi ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Kai kuma Allah ya ba ka baki."

Daga Tsafe zuwa Bungudu sai an ratsa Gusau. Ya yi tafiyar a hankali, yana kauce wa ramuka, motocin hatsi suna wuce shi da ƙaho. A Gusau mutum uku suka ɗaga masa hannu, bai tsaya ba. Sai bayan azahar ya isa.

Shekara biyu da aure, Mannir bai taɓa wuce zauren gidan surukansa ba. Nan ya yi sallama ya durƙusa. Inna Saude, mahaifiyar Zuwaira, ta fito ta tsaya a bayan ƙofa, suka gaisa ba wanda ya dubi wani. Ya tura ƙwaryar gaba, ya ce nono ne aka ce mai jiki ta riƙa sha. Sauran bayanin ya bar shi, don ba magana ba ce da ake yi da suruka. Ta ɗauka ta yi ciki.

Yana zaune yana shirya abin da zai faɗa wa Zuwaira in ta fito, sai ya ji ƙarar tukunya a kan murhu. Ya ji muryar Inna.

"Zuwaira, miƙo mini itace. Nonon hanya ne, a tafasa shi tukuna. Haka suke faɗa a rediyo."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ratsa soro na biyu, ya faɗa tsakar gida da takalmansa a ƙafa. Inna Saude tana sunkuye, ta karkata ƙwaryar, rabin nonon ya riga ya shiga tukunya. Ya sa hannu biyu ya tallabe ƙwaryar daga ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri. Wannan ba a dafa shi."

Ta ɗago. Karo na farko ke nan da suka ga fuskar juna sosai. Ta saki ƙwaryar, ta ja mayafi ta rufe kai, ta shige ɗaki. Labulen ya daɗe yana kaɗawa.

Zuwaira tana tsaye da itace a hannu. Ta rame, zanen ya yi mata yawa.

"Malam, lafiya? Cikin gida?"

Ya ajiye ƙwaryar a inuwa, nesa da wuta. Ya tsuguna kusa da ita, ya faɗa mata duk abin da Sista Talatu ta ce, bai tsallake komai ba. Ya faɗi na fumfuna, da na masu tsaro, da na takardar babban asibiti. Da ya zo kan kafso muryarsa ta yi ƙasa.

"Wata bakwai ina kawo miki abin da ke ƙara miki ciwo, ina cewa ki daure ki shanye."

"Ni ma ai na sha da hannuna."

"Kuma ba a wurin kowa ake kwaso shi ba, Zuwaira. Mai kemis bai sani ba ne."

Ta ajiye itacen a hankali. Na cikin tukunya ya fara tsinkewa, ruwa a sama, gudaji a ƙasa.

"Ni na san ban je ko'ina ba," ta ce. "Sai na ce to, saura mutum ɗaya."

"Haka ni ma na lissafa."

"Ka zarge ni ke nan."

Ya so ya ce a'a. Ya ga tana kallonsa.

"Na zarge ki."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko ludayi daga cikin kwando, ta ɗauraye, ta zauna a kan turmi da ƙwaryar a cinya. Ta ɗiba kaɗan ta kai baki, ta ɗan yamutsa fuska don tsami, ta ƙara.

"Sista ta ce zai warkar?"

"Ta ce ba ta sani ba. Ana kan gwadawa."

"Gara da ta faɗi gaskiya." Ta dubi abin da ya rage. "Wannan ba zai wuce gobe ba."

"Jibi sai in koma Tsafe in kawo miki nan."

"Tsafe zuwa Bungudu, duk bayan kwana biyu? Yaushe za ka yi aiki?"

Zuwaira ta goge bakin ludayin da yatsa, ta waiga wajen ɗakin da akwatinta yake.

"Ka fita zaure tukuna," ta ce. "Inna ba za ta iya fitowa ba kana nan, kuma sai na yi mata sallama."