Yaron Turare

Likitar ta buɗe wata 'yar kwalba ta kai wa Zailani hanci. "Rufe ido. Me ke ciki?"

Ya shaƙa yadda yake ganin kawunsa Jibo yana yi a rumfar turarensu ta kasuwar Wadata, har da ɗan gyaɗa kai. "Sandal ne, amma an sirka."

"Garin kafe ne," in ji ta.

Ya buɗe ido. Shekararsa ashirin da huɗu, tun yana ƙarami yake sayar da ƙamshi, kuma bai taɓa jin ko ɗaya ba. Launin kwalba yake haddacewa, sauran ya karanta a fuskar mai saye. A Yamai wannan ya isa. Da yawa daga masanan garin da haka suke ci.

Ba hanci ne ya kawo shi asibiti ba. Haɓa ce ta ƙi gashi, murya ta ƙi buɗewa, 'yan taksi kuma har yau "peti", wato ɗan yaro, suke ce masa.

"Abin ɗaya ne," in ji likitar. "Balaga daga ƙwaƙwalwa take farawa. In lokaci ya yi, akwai wani ɗan sinadari, ɗan aike, da ke ƙwanƙwasa wa wasu ƙwayoyi ƙofa, su kuma su tayar da sauran jiki. Ƙwayoyin nan daga hanci suke tasowa tun mutum yana ciki, hanyarsu ɗaya da jijiyoyin jin wari. Naka ba su iso ba."

"Ɗan aiken fa?"

"Mai yiwuwa yana nan yana ta ƙwanƙwasawa. Ɗakin ne ba kowa."

Ta ce allura za ta kawo gemu da murya, sannu a hankali, muddin bai daina ba. Hancin dai sai haƙuri. Ya dawo Litinin a fara.

Kawu Jibo ya saurari bayanin yana ɗura humra a kwalabe, bai ɗago ba.

"To, madalla. Ka yi gemu. Sai wa zai shiga gidajen unguwannin Maourey da Zongo?"

"Ni mana, Kawu."

"Kai da wane? Kana tsammanin don iya ciniki hajiyoyi ke barinka har tsakar gida, suna kitso kana baje musu kaya? Gemu a zaure yake tsayawa, ɗana. Masu turare nawa ne a layin nan? Kowa na jiran mai saye, mu kaɗai ke zuwa inda yake kwance. Rumfar nan da fuskarka take ci, uwarka a Dogon Dutse kuma da rumfar take ci."

"Sai in mutu yaro ke nan?"

"Wasu sun mutu jakai, da gemunsu." Ya tura masa jakar kaya. "Hajiya Zuwera na jira. 'Yarta za ta tare."

Ya tafi a ƙasa, jakar tana dukan kwiɓinsa. Ya wuce masu suyar kifi da bakin kwata, mutane na toshe hanci, shi kuwa duk ɗaya. Ya nemi ƙarya a maganar kawun, don ya samu abin jin haushi, bai samu ba.

A ƙofar Hajiya Zuwera ya tsaya cikin zaure, wurin da bai taɓa tsayawa ba. Akwai benci, ashe. Ya danne muryarsa ƙasa iyakar iyawa, ya yi sallama.

Hirar cikin gida ta yanke. Ya ji motsin masu neman mayafi, kuma daɗin wannan shirun ya ratsa shi har tafin ƙafa.

"Wane ne?" in ji Hajiya.

"Zailani ne."

Dariya ta ɓarke. "Ku zauna abinku, yaron turare ne. Mura kake yi? Shigo mana."

"A aiko yaro ya amshi kayan, Hajiya."

"Ji ɗan nema. Yaran duk suna lakwal wajen karatu. Wane yaro kuma, ga ka?"

Ya zauna a bencin, jakar a cinyarsa. Aka koma hira a ciki, ba wanda ya fito. Litinin tana gaba, uwarsa tana Dogon Dutse, labulen ƙofar shiga gida yana kaɗawa kusa da gwiwarsa.

"Zailani," Hajiya ta sake kira, "turaren zai kawo kansa ne?"

Ya miƙe. Kafin ya ɗaga labulen, sai da ya ƙwanƙwasa ƙyauren da ke buɗe.