Wa Ya Gaya wa Koci

Kendrell Mabry yana cikin kwance igiyar takalminsa Roscoe ya tsaya a kansa ya ce, "Koci Hargrove na son ganinka bayan an ci abinci."

"Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai."

Roscoe ya faɗa yana duba wayarsa, ya wuce. Ɗakin canza kaya ya yi tsit, sannan kowa ya koma hirarsa da ƙarfi fiye da da. A wannan makon ake rage 'yan wasa kafin a buɗe kakar wasa, kuma wanda aka kira ofis yawanci da jakarsa yake barin sansanin atisayen.

Kendrell ya daɗe yana buga ƙwallon Amurka, a layin gaba na masu tsaro. Aikinsa shi ne ya ture ƙattin da ke gabansa ya cimma mai jefa ƙwallo kafin ta bar hannunsa. Wannan ce ƙungiyarsa ta uku, ya kuma san ba za a yi ta huɗu ba. Tun farkon atisayen bana wani abu ya yi ƙara a gwiwarsa ta hagu. Bai je wurin likitan ƙungiya ba. A gida yake ɗora mata ƙanƙara, a banɗaki yake naɗe ta, a fili kuwa ya danne zafin ya yi wasa.

Mutum biyu suka sani: matarsa Shavonne, sai Roscoe Bivens. Da Roscoe suka zauna ɗaki ɗaya a jami'a a Alabama, suka yi wasa kafaɗa da kafaɗa har ciwon wuya ya raba Roscoe da fili. Yanzu shi ne mataimakin kocin layinsu. Kendrell ya tuna kwanan nan Roscoe yakan tsaya bayan atisaye yana horar da Colquitt, sabon ɗan wasan da ke neman gurbinsa. A da bai ɗauki abin a bakin komai ba.

A ɗakin cin abinci ya zuba ƙwai da kaza ya kasa ci. Colquitt ya ajiye farantinsa a gabansa ya zauna.

"Tsoho, yau fa ka tashi a hankali. Na zaci sai mun kira motar ɗaukar kaya."

"Wa ya ce maka na tashi a hankali?"

"Idona mana. Wasa nake yi, babba."

"Me Roscoe yake gaya maka in kun tsaya ku biyu?"

Colquitt ya daina tauna. "Yadda zan sa hannu. Ya ce in riƙa kallonka ma."

"In riƙa kallona," Kendrell ya maimaita. Ya ture farantin ya tashi.

Ya fita wurin ajiye motoci, zafin rana na tasowa daga kwalta, ya kira Shavonne.

"Kin yi wa wani maganar ƙafata?"

"Ba gaisuwa?"

"Tambayarki nake yi. Ranar Lahadi na ga kun daɗe da matar Roscoe a ƙofar coci."

"Maganar makarantar yara muke yi. Kendrell, ni nake ɗauko maka ƙanƙarar nan. Ni nake jin nishinka in za ka sauko daga gado. Da zan faɗa, a gabanka zan faɗa, kuma da na yi tuntuni."

"To wani dai ya faɗa."

"Sai ka nemi wanin," ta ce, ta kashe wayar.

Ya sami Roscoe a baranda kusa da ɗakin kallon bidiyo, ya tare masa hanya. Faɗin Kendrell kaɗai ya isa ya cika wurin.

"Ka san abin da zai gaya mini?"

"Na sani."

"Faɗi."

"Ya ce shi zai faɗa da bakinsa. Ka shiga kawai, mutumina."

"Kar ka ce mini mutumina. Me suka yi maka alkawari? Kujerar babban kocin layi?"

Roscoe ya ɗago ya dube shi sosai, karo na farko a ranar. "Kai, lafiyarka kuwa?"

"Kai ka fi kowa sanin lafiyata."

"Rage murya," Roscoe ya ce, yana waiwayawa. "Ka shiga, ka zauna, ka rufe bakinka ka saurara. Shi ke nan abin da nake roƙonka."

Kendrell ya bangaje shi ya wuce. Wannan waiwayen ya gama tabbatar masa cewa Roscoe ne ya faɗa.

Koci Hargrove, dattijo mai furfura, ya taso ya ba shi hannu har da murmushi. Kendrell ya san irin murmushin, da shi aka sallame shi a ƙungiyar farko.

"Zauna, Mabry. Mun daɗe muna kallon bidiyonka ni da sauran koci-koci, jiya kuma muka yanke shawara."

"Koci, kafin ka ƙarasa." Kendrell bai zauna ba. "Ban san yadda aka kawo maka maganar ba, amma an ƙara gishiri. Gwiwar nan da ita na yi duk atisayen bana, ba wanda ya ture ni. In za ka kore ni ka kore ni, amma ka gaya mini wanda ya faɗa maka."

Murmushin ya bar fuskar kocin a hankali. Ya koma kujerarsa.

"Wace gwiwa?"

Kendrell ya ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kamar yanzu aka kunna ta.

"Na kira ka ne in gaya maka kai za ka fara wasan farko," in ji kocin. "Kuma kai ne kyaftin ɗin masu tsaro. Wasu sun so yaron nan Colquitt. Bivens ne ya tsaya maka a taron har suka haƙura." Ya haɗa yatsunsa a kan tebur. "Tun yaushe?"

"Tun farkon sansani."

"Bivens ya sani?"

Kendrell ya san dokar. Kocin da ya ɓoye raunin ɗan wasa ba ya kwana da aikinsa. Ya zauna, ya miƙe ƙafar hagun a gabansa, tunda babu sauran abin ɓoyewa.

"A'a. Ba wanda ya sani sai matata."

Hargrove ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da shi Kendrell ya wuni yana yi wa mutane. Sannan ya ɗaga wayar tebur.

"Ku ce wa likita ya hawo ofishina," ya ce. Ya ɗan dakata, idonsa na kan Kendrell. "In likitan ya fita, ku turo mini Bivens."