Ranar da Layinmu Ya Makara

Gidanmu ne na ƙarshe a layin ƙananan sojoji, bango ɗaya ya raba mu da garejin bariki. Kullum ƙarfe biyar da rabi na safe direbobi za su tayar da manyan motoci goma sha biyu, su bar su suna ruri har minti ashirin, wai ɗumama inji. Hayaƙin ba ya neman izini, ta ƙasan ƙofa yake shigo mana. Kafin ƙarfe shida Auta, 'yarmu mai shekara shida, tana kan cinyata tana kokawa da numfashi, ina danna mata maganin shaƙa.

Likita ya ce asma ce, a raba ta da hayaƙin nan. Sau uku maigidana, wanda kofur ne, yana rubuta takardar neman canjin gida, sau uku ana ce masa ana dubawa. Da na gaji na yanke shawara: in hutu ya zo zan kai ta wurin yayata ta zauna can. Yarinyar da ko makwabta ba na barin ta ta kwana.

Ana cikin haka aka ce Kwamanda ya kawo motocin lantarki, an kakkafa wuraren caji a gareji. Maigida ya leƙa ya dawo yana taɓe baki.

"Maman Auta, wannan ai firiji ne aka sa wa taya. Mota ba ƙara, ba wari, a ce motar soja ce?"

"To ka bari su yi kwana biyu mana."

"Su yi shekara ma."

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, duk layinmu ba mai saita agogo. Rurin gareji ne yake tashin mu shekara da shekaru. Ranar da sababbin motoci suka fara aiki, direbobi suka cire wayar caji suka sulale ta bayan gidajenmu shiru. Mu kuwa muna ta sharar barci. Sai da rana ta haska labule na farka, na ga bakwai saura. Na leƙa waje, ga sojoji goma sha huɗu suna gudu, wani takalmi a hannu, wani yana ɓalla maɓalli a karkace. Nawa maigidan ya fita da hular makwabci.

Saje Manja bai saurari kowa ba. Ya sa su zagaye filin fareti da jaka a baya har rana ta take. Maigida ya dawo yana jan ƙafa yana tsine wa firiji mai taya. Ina gasa masa gwiwa da ruwan zafi na ce, "Ka lura yau ban taɓa maganin shaƙa ba?"

Ya juya ya kalli Auta. Ni kuwa ban ƙara ba, ina tsoron kada bakina ya ɓata abin.

Mako guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Tarin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya daina zuwa da safe. Na kira yayata na ce ta dakata tukuna. Raina dai bai kwanta ba, don wannan ciwon ya sha yi mana lamɓo.

Saura kwana uku hutu malamar ajinsu ta aiko a kira mu. Muka tafi tare da maigida, ina fargaba, don duk kiran da aka taɓa yi mana daga makaranta na a zo a ɗauke ta ne. Muka tarar da malama ta haɗe rai.

"Gaskiya ku ja wa 'yarku kunne. Da can ba a jin motsinta. Yanzu surutu, ihu, guje-guje. Jiya sai da na zagaya makarantar nan sau biyu ban kamo ta ba."

Maigida ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya ce, "Malama, don Allah sau nawa kika ce?"

"Sau biyu. Abin dariya ne?"

Ba dariya yake yi ba. Ni dai na kama hannun matar nan da hannu biyu ina ta yi mata godiya, ita kuwa tana kallonmu kamar mun zautu.