Tsakin Masara a Bindigar Kawu Orval

Ƙarfe takwas na safe, rana ta fito amma ba ta da zafi ko kaɗan, ƙanƙarar jiya tana kwance fara fat a bayan garejin Kawu Orval. Ni da shi muna tsaye, hannuwa cikin aljihu, muna kallon kwanson harsashi ashirin da na jera a kan benci.

Shekara ashirin da biyu Kawu yana saka sunansa a ƙuri'ar masu neman izinin harbin ɓauna, sai bana ta faɗo kansa. Jibi zai tafi farautar, kuma sau ɗaya ake ba mutum izinin a rayuwa. Ya rantse ba zai riƙe wata bindiga ba sai babbar nan da marigayi wansa ya ƙera da hannunsa. To, babu kantin da ke sayar da harsashinta a duk jihar Wyoming, kwanson da wan ya bari kuwa duk sun tsage don tsufa. Sai dai a sayi na wata bindiga mai kama da ita, a buɗa musu wuya, a sa su ɗauki siffar cikin ta Kawu. Hannun Kawu rawa yake yanzu, shi ya sa aikin ya dawo kaina.

Wuyan na gama buɗawa tun jiya. Saura a zuba ɗan albarushi, a cika da tsakin masara, a toshe da takarda, a harba ba dalma. Tashin albarushin ne ke hura tagullar kwanson ta cika mazauninta a cikin bindigar daidai.

"Tobin, ina tsakin?" in ji Kawu.

"Ga shi. A kicin na ɗauko, gwangwanin kusa da murhu."

"Innarka ta gan ka?"

"Tana waya."

"Ashe kana da wayo, ɓoyewa kake yi."

Na harba na farko cikin tarin ƙanƙara, na biyu, na uku. Kawu ya ɗaga hanci yana shinshina.

"Kai, matar nan gashi take da sassafe? Ƙanshin nan har ya sa ni yunwa."

Da na harba na huɗu, na ja sakatar bindigar in fitar da kwanson, ta ƙi motsi. Na sa ƙarfi. Ko gezau. Kawu ya dangwali garin gwangwanin ya kai baki, ya tsaya yana kallona.

"Ɗan nan, zaƙi gare shi."

Sai ga Inna Verna ta fito da rigar sanyi a kan ta barci, cokali a hannu.

"Wane ɓarawon ne ya kwashe min haɗin burodin coci? Har sukari da madara na zuba a ciki!"

"Ga shi nan," Kawu ya nuna ni. "Ya toya miki shi a bindigar Yaya."

Dariya muka yi, amma ba ta daɗe ba. Sukarin ya narke ya daskare, ya riƙe kwanson gam. Kawu ya zuba man bindiga, ya zuba ruwan wanke bututun bindiga, ya zuba kananzir. Ya ɗauki guduma, ya dube ta, ya ajiye. Daga nan ya kife bokiti ya zauna a kai, bindigar a cinyarsa.

"To," ya ce a hankali, "wata ɓauna ta ƙara shekara."

Ni dai takalmina nake ta kallo.

Inna ta koma ciki, ta dawo da butar shayi tana tururi.

"Matsa, tsoho. Shekara arba'in ina wanke tukunyar da sukari ya kama, ban taɓa ganin mai ya ci shi ba."

"Ruwa? A bindigar Yaya?"

"To zauna ka lashe."

Na riƙe bindigar a tsaye, tana tsiyaya ruwan ta baki kaɗan-kaɗan. Ya riƙa fitowa ta ƙasa ja kamar shayi. A buta ta biyu na taɓa sakatar, ta buɗe sumul, kwanson ya faɗo cikin ƙanƙara. Kawu ya ɗauka ya kai kusa da tabarau. Kafaɗar kwanson ta fito tsaf, ba tsaga ko ɗaya.

"Wannan shi ne mafi kyau a cikinsu," ya ce. "Verna, ko za ki ƙara mana haɗin?"

Cokalin ta ɗaga masa.

Muka busar da bindigar, muka shafe ta da mai ciki da waje. Inna ta kawo tsaki zalla, ta tsaya a kaina har na ɗanɗana a gabanta. Kafin azahar sauran sha shidan sun fito. Da la'asar Kawu ya ɗura harsashi na gaske, ya dafa benci, ya harbi faranti daga can bakin shinge. Farantin ya tashi sama. Waƙa kawai ya kama yi ƙasa-ƙasa.

Ina haɗa masa kaya na lura gindin kowane kwanso har yanzu lambar bindigar da aka ƙera shi dominta tun asali yake ɗauke da ita, ga Kawu da irinta a kabad, ga idonsa ba ƙarfi, zai iya saka shi a wadda ba ita ba. Na ari jan farcen Inna na ɗiga wa kowanne, na bari ya bushe, na mayar cikin akwati. Da ya zo ya buɗe, ya kalli jajayen ɗigon, ya rufe.

"Ina safar hannuna?" ya ce.