Kambun Kawu Sanda

Shekara uku Musbahu ya yi a Manchester yana bin diddigin mazantakar mutanen da ƙasa ta daɗe da cinyewa. A kan haka yake digirinsa na uku. Ya san yadda sarakunan Assuriya ke nannaɗe gemu, ya san abin da ya sa mutanen zamanin da can suke zana gumakansu da ƙahon bijimi, ya san gwarazan Girkawa masu yafa fatar zaki. Shi kuwa gogan naka, ko kaza aka ce ya yanka sai ya tuna yana da wani uzuri.

Babi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, na ƙasar Hausa. Malamar da ke duba aikinsa ta ce ta gaji da labarin an ce, tana son abin da ido zai gani. Nan Musbahu ya tuna da Kawu Sanda.

Kawu Sanda yayan mahaifiyarsa ne, mahauci, tsohon ɗan dambe daga Kura. Ciwon zuciya ya sa 'yarsa Hajar, wadda likita ce, ta ɗauko shi zuwa gidanta a Sparkbrook da ke Birmingham. A damtsensa na dama akwai kambu, wata laya ta fata mai zagaye hannu, ta yi baƙi ƙirin don gumi da shekaru. Mahaifinsa ne ya ɗaura masa ranar da ya fara shiga fage, ya ce masa gashin goshin zaki ne a ciki. Duk dangi sun san labarin, sun kuma san tun daga ranar ba a taɓa kai Sanda ƙasa ba.

Sau uku Musbahu yana hawa mota zuwa Birmingham da ledar tuffa kafin tsohon ya yarda. Ranar da ya kwance kambun, gurbinsa ya fito fari sol a fatarsa.

"Ka kalla, ka auna, ka ɗauki hotonka," in ji Kawu Sanda. "Amma ba a buɗewa. Ranar da iska ta shiga cikinsa, ya karye. Ka ji ni?"

"Na ji, Kawu. Sati biyu kawai."

Sati biyu ya zama wata biyu. Da malamar ta ga hotunan ta yaba, sannan ta tambaya, tambaya kawai, ko an san abin da ke ciki. Ba ta ce ya buɗe ba. Wannan Musbahu ya sha nanata wa kansa daga baya, don ya so ƙwarai ya sami wanda za su raba laifin, bai samu ba. Wata Asabar bayan azahar, a ɗakinsa na haya a Ardwick, ya shimfiɗa farar takarda a tebur, ya ɗauki reza. Ya ce wa zuciyarsa ai camfi ne, ai ilimi yake nema. Zuciyar ba ta ce masa komai ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Babu gashin zaki. Wani ƙyallen saƙi ne ɗan siriri, baƙi mai ratsin ja, an nannaɗe shi tamau. Musbahu ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane inda ya san shi. Mahaifiyarsa tana da ragowarsa a ƙasan akwatinta. Majanyin kakarsa ne, mahaifiyar Kawu Sanda, wanda ta goyi 'ya'yanta duka da shi.

Da a littafin wani ya karanta wannan, da ya yi tsalle don murna. Babi guda ne sukutum. Amma sai ya ji kunya ta rufe shi, irin ta wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba ya ga babba yana sa tufafi. Ko hoto bai iya ɗauka ba. Ya mai da ƙyallen, ya tura kambun cikin aljihun tebur, ya shiga ƙin ɗaga wayar Birmingham.

Ranar Talata Hajar ta kira shi har sau huɗu, dole ya ɗauka. Taubashiyarsa ce, ba ta taɓa fara magana da shi ba tare da tsiya ba, amma ran nan babu.

"Musbahu, an matso da operation ɗin zuciyar Baba, jibi ne da safe. Ya ce ba zai shiga theatre ba sai da abin nan nasa. Na yi wa'azin har na gaji, I've tried everything. Surgeon ya yarda a bar masa shi har barci ya ɗauke shi. Don Allah ka taho da shi gobe."

"In sha Allah," in ji Musbahu.

Ɗinkin asali na baduku ne, da siririyar fata. Shi kuwa baƙin zare ya samu a kanti, da allurar da ta soke shi sau biyar. Ya bi tsoffin hujojin ɗaya bayan ɗaya, ya goga man takalmi a kan zaren, ya murza da tsumma. Daga nesa ba laifi. A mota, tun daga Manchester har Birmingham, yana shirya yadda zai faɗi gaskiya. Da ya sauka daga bas a Stratford Road ya riga ya yanke cewa mai ciwon zuciya ba a tayar masa da hankali. Dabara ce mai kyau, don ta yi daidai da abin da tsoronsa ke so.

Ya sami Kawu Sanda a falo, an haɗa masa 'yar jakar asibiti a gefe. Ya rame, amma kafaɗun nan suna nan. Musbahu ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa kambun da hannu biyu.

Tsohon bai ko kalle shi ba. Ya karɓa, ya bi bakin ɗinkin da babban yatsa, a hankali, yadda ya saba yi shekara hamsin da wani abu. Yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Musbahu."

"Na'am, Kawu."

"Ka buɗe?"

Hajar tana tsaye a ƙofar kicin da kofi a hannu. Musbahu ya dubi kafet.

"A'a, Kawu. Ɗinkin ne ya ɗan saki, na gyara."

Ƙaryar ta fito sumul, har shi kansa ya tsorata da sauƙinta. Kawu Sanda ya jinjina kai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da Musbahu ya sami sauƙi. Ya ajiye kambun a hannun kujera, nesa da jikinsa kaɗan.

"To, Allah ya yi albarka," ya ce. "Hajar, ba shi abinci, ya sha hanya."

Washegari da safe tare suka tafi asibiti. Aka sa wa tsohon rigar marasa lafiya mai buɗaɗɗen baya, aka kwantar da shi a gadon turawa. Hajar ta fito da kambun daga jakarta za ta ɗaura masa, ya janye hannunsa.

"Ba Musbahu kayansa. Na karatu ne yanzu."

"Baba, kai fa ka ce ba za ka shiga ba sai da shi."

"Na ce."

Musbahu ya matso. Ya sunkuya daidai kunnen tsohon.

"Kawu, ka yafe mini. Na buɗe. Abin da ke ciki ma..."

Hannun mahaucin ya damƙe wuyan hannunsa, da sauran ƙarfin da ya rage.

"Kul. Wannan kaɗai ka bar mini. Kada ka faɗa."

Ya sake shi. Ma'aikata biyu suka zo suka kama gadon. Sai Musbahu ya ga abin da babu wanda ya taɓa gani a Kura: leɓen Sanda yana rawa, idonsa yana neman inda zai sauka. Hannunsa na hagu ya tafi damtsen dama, ya shafa, ya tarar da fata kawai.

"Hajar," ya ce da wata ƙaramar murya, "za su bari ki raka ni?"

"Har bakin ƙofa, Baba."

"To riƙe ni. Tsoro nake ji."

Ta kama hannunsa, gadon ya tafi, ƙofar ta rufe a bayansu. Musbahu ya tsaya a barandar asibitin, kambun a tafinsa, man takalmin yana baƙanta masa yatsu.